Katunan Maman Remi

Litinin, 4 ga Yuli, 1977. Ƙarfe tara na safe, a ofis.

Bari tarihi ya shaida, kuma duk wanda ya tsinci wannan littafi bayan raina ya isar wa al'umma, cewa a yau, bayan shekara ashirin da bakwai ina bauta wa gwamnati a kan kujerar katako, an kawo wa Dalhatu ɗan Hamza, Babban Akawu, kujera mai juyawa. Na hau. Na juya dama na ga taga, na juya hagu na ga kabad ɗin fayil. Duk abubuwan da na saba gani ne, sai dai yanzu ina isa gare su ba tare da na wahalar da wuyana ba. Wannan shi ake kira ci gaba.

Labari na biyu bai kai wannan girma ba. Rahotonmu na rumbuna da ajiyar hatsi, wanda ake jira a Kaduna, ba za a buga shi a tafireta ba. Kwamfuta za ta buga. Shawarar Dakta Zailani ce, wanda ya dawo daga Turai bara da gemu da jaka mai makulli. Ya ce ya rubuta wa na'urar wani tsari da za ta riƙa jera rubutu da kanta, ta daidaita gefe da gefe, ta saki layi inda ya dace. Na ce masa madalla, ni ma haka nake yi tun kafin a yaye shi, kuma ba a taɓa sa mini na'urar sanyaya ɗaki ba.

Mai huda katunan da ake zuba wa na'urar ita ce Maman Remi, wato Adunni. Shekara tara ta yi a ƙarƙashina tana buga tafireta, ban taɓa samun mai saurin hannu kamarta ba. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta Dakta. Tun da mijinta na reluwe ya rasu ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya biyu. An ɗauke ta gwajin wata shida a wannan sabon aiki, ƙarshen watan nan zai cika. Kujerarta ta wajena an riga an ba wata, don haka in ba a tabbatar da ita a can ba, babu inda za ta koma. Na faɗa mata tun farko kada ta bar gida ta bi hayaniya. Ta yi dariya ta ce, Baba, ai hayaniyar ce za ta zo ta same mu a gidan.

Laraba, 6 ga Yuli. Bayan azahar.

Na kai ziyara fadar kwamfuta. Sai da na tuɓe takalmi a ƙofa kamar zan shiga masallaci. Mai kula da ita, Callistus, yana sanye da rigar sanyi a tsakiyar damina, yana magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mai jego.

Ga yadda abin yake. Maman Remi takan zauna gaban wani inji mai kama da tafireta, ta buga layi guda, injin ya huda kati guda, ya kuma rubuta layin a bakin katin na sama don mutum ya iya karantawa. Rahoton namu ya ci kati kusan dubu shida, kwali uku. Sashenmu yana da rabo sau ɗaya tak a mako, ranar Talata. A ranar za a zuba wa na'urar katunan ta haɗiye, ta amayo takarda.

Dakta ya tsaya ya yi mini bayani na kusan rabin awa, har da zane a allo. Na riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Gaskiya hankalina yana kan gwiwata, wadda sanyin ɗakin ya soma tuna mata faɗuwar da na yi a kan keke a zamanin Turawa. Na dai ji yana ta maimaita kalmar umarni. Matasa suna son wannan kalma.

Juma'a, 8 ga Yuli. Ƙarfe biyar na yamma, a gida, Hanwa.

An kawo mini kwalayen uku jiya don in duba kuskure, tunda har yanzu ba a ƙirƙiro na'urar da ta san cewa Darakta ba ya iya rubuta kalmar da ta wuce gaɓa uku. Kwana biyu ina bin katunan ɗaya bayan ɗaya. Aikin Maman Remi tsaf, kuskure goma sha ɗaya kacal na samu, ta sake huda su nan take.

Sai dai na ga wani abu da ya sa na tausaya mata. Bayan kowane 'yan layuka sai in tarar da kati wanda ba komai a kansa sai ɗigo ɗaya da harafi biyu. Ka ga inda hannu ya fara, tunani ya katse, aka bar shi aka ɗauki wani. Wasu ma ɗigo ne da harafi da lamba. Sabon inji, ga fargabar gwaji, dole hannu ya yi tuntuɓe. Na ƙirga su, ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ƙa'idata tun ina ƙaramin akawu ita ce, lalatacciyar takarda ba ta isa teburin shugaba, kuma babba na gari ba ya tallan kuskuren na ƙasa da shi. Na zare su duka a hankali, ban ce mata komai ba don kada in karya mata gwiwa. Ban jefa a kwandon shara ba, domin masinjan Darakta yana karanta kwandon shara fiye da yadda yake karanta jarida. Na zuba su a jakata na taho da su gida.

Barakatu, uwargidana, tana ganinsu ta yi musu wawa. Ta ce shekara da shekaru tana neman takarda mai tauri irin wannan da za ta riƙa naɗe zaren ɗinkin hula, kuma ga 'yan huji-huji inda za a soke bakin zaren. Ta ce yau ce rana ta farko da aikin gwamnati ya kawo wani abu mai amfani gidan nan.

Na yi alheri biyu da jifa ɗaya. Na ci tuwo da daɗin rai.

Talata, 12 ga Yuli. Ƙarfe biyu da rabi.

Allah mai iko.

Na'urar ta buga rahoton. Shafi casa'in da huɗu, sakin layi guda ɗaya. Daga bismillah har tammat babu inda ta tsaya ta numfasa. Sunan rahoton ya shige cikin godiya, godiya ta shige cikin babi na ɗaya, sunayen ƙauyuka sun haɗu da nauyin dawa, sunan Darakta ya faɗo a tsakiyar maganar gara da ɓeraye. Baƙi ƙirin daga sama har ƙasa kamar an shanya baƙin zane.

Callistus ne ya kawo shi a kafaɗa, a ninke kamar rawani. Matan ɗakin tafireta suka fito kallo. Na hana su dariya, na koma ofishina na rufe ƙofa na yi tawa.

Laraba, 13 ga Yuli. Ƙarfe goma.

Darakta ya kira mu. Ya ɗaga takardar sama, ta warware har ƙasa ta bi ƙarƙashin tebur. Ya tambayi Dakta ko wannan ne za a kai wa Babban Sakatare a Kaduna, ko kuwa za a yi wa rumbun jinka da shi. Dakta ya ce tabbas akwai ɓaraka a tsarin da ya rubuta, a ba shi kwana biyu.

A kan hanyar fita na dafa kafaɗarsa na ce, Dakta, malaman da suka kwafi littattafai da alƙalamin kara sun san mai karatu yana da huhu, shi ya sa suke sa jar tawada inda za a huta. Ya ce na gode, Baba. Bai ji daɗi ba. Ni na ji.

Alhamis, 14 ga Yuli. Ƙarfe ɗaya.

Dakta bai je cin abinci ba. Yana bin tsarinsa layi-layi da rula. Na aika masa da ƙosai.

Juma'a, 15 ga Yuli. Bayan an sauko masallaci.

Wai tsarin Dakta lafiyarsa lau. Wai wasu katuna ne babu a cikin kwalayen.

An yi ruwa sosai a Samaru, inda ofishinmu yake. A Hanwa yayyafi kawai.

Asabar, 16 ga Yuli. Da hantsi.

Na tambayi Barakatu, a cikin hira kawai, ko 'yan takardun nan suna nan. Ta ce waɗanne. Na ce na zaren. Ta ce ai tuni. Ta naɗe wasu, ta raba wa matan unguwa masu ɗinkin hula, sauran kuma ta ba Hafsatu mai sayar da zare a kasuwar Sabon Gari, wadda ta ce masu saye sun fi son zaren da ke kan katin, ya fi kyan gani. Ta tambaye ni ko zan ƙaro. Na ce a'a, an daina yayinsu.

Ta ce, Malam, lafiya kake ta shafa gwiwa? Na ce sanyin damina ne.

Lafiya lau nake.

Litinin, 18 ga Yuli. Ƙarfe goma sha biyu.

An ba Maman Remi takardar tuhuma. An ce ta yi bayani a rubuce dalilin da ya sa ta tsallake katuna sama da ɗari huɗu, ta ɓata wa sashe rabon mako, ta jawo jinkiri. Kwamitin da zai duba tabbatar da ita zai zauna Juma'a ta sama, 29 ga wata.

A ƙa'ida ni ke buga irin wannan takarda. Na ba Safiyatu, wadda ta gaji kujerar Maman Remi, ta buga, saboda tana bukatar ta saba.

Zan so in rubuta wani abu a nan game da adalci. Duk wanda ya ƙirƙiro takarda mai ɗigo da harafi biyu, ya kuma sa ta a cikin rahoton gwamnati ba tare da ya manna mata wata alama ba, shi ya kamata a tuhuma. A littattafan da na karanta, kuma na karanta da dama, ban taɓa ganin shafin da aka bari da harafi biyu aka ce shi ne ginshiƙin littafin ba. Wannan magana ce ta ilimi kawai, ba ta shafi kowa ba.

Talata, 19 ga Yuli. Ƙarfe uku.

Rabonmu na yau ya wuce a banza, ba a gama komai ba.

Shekarata biyu ta rage in yi ritaya. Fayil ɗina babu ko ɗigon jar tawada. Kowa ya san abin da aka yi shekara biyu da suka wuce, lokacin da mutum zai kunna rediyo da safe ya ji an sallame shi kafin ya gama shan koko. Maƙwabcina na da, wanda ba zan rubuta sunansa ba, yanzu yana kiwon kaji a Zabi, kuma kajin ba sa jin maganarsa. Ana kuma raɗe-raɗin za a rage ɗakin tafireta, ana neman dalili.

Na tuna da wannan ne kawai. Babu abin da ya kawo shi.

Laraba, 20 ga Yuli. Bayan azahar.

Dakta ya zo ofishina neman asalin rubutun hannu na rahoton. Na ɗauko masa. Darakta yakan yi rubutu ne kamar mai gudun kare, ba ya tsayawa, don haka shekara da shekaru ni nake bi da jan fensir ina sa ƙugiya inda sabon sakin layi zai fara, ina jan layi biyu a ƙarƙashin abin da zai zama kan magana. Ba wanda ya taɓa lura, ni ma ban taɓa neman a lura ba.

Dakta ya buɗe shafin farko ya ɗora yatsa a kan jar ƙugiyata.

"Ka ga wannan, Baba? Duk inda ka sa ta, Maman Remi za ta huda kati guda mai ɗigo da harafi biyu. Shi ne ke gaya wa na'ura ta saki layi ta shiga ciki kaɗan. Inda ka ja layi biyu, wani katin ne, ta kawo rubutun tsakiya. Ai na yi maka bayani ran nan."

Na ce ƙwarai, na tuna.

"Na'urar ba ta san komai ba. Kai take bi. In babu jan fensir ɗinka, ni ma ban san inda zan ce mata ta tsaya ba."

Ya faɗi haka ne don ya faranta mini. Ya fita da takardun yana fito.

Na zauna na ƙirga ƙugiyoyi da jajayen layukan da ke cikin kwafina. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba, na riga na san adadin.

Alhamis, 21 ga Yuli. Ƙarfe biyar da rabi, a gida.

Na ba da kaina don taimakawa a mayar da katunan. Darakta ya yaba, ya ce irin wannan hali ne babu a wajen matasan yanzu. Na sunkuyar da kai, ya ɗauka kunya ce. Kunyar ce kuwa.

Mun wuni ni da Maman Remi a ƙaramin ɗakin huda kati. Ina karanto inda ƙugiya take, tana huda sabon kati, muna soke shi a gurbinsa. Aikin ya yi daɗi, kamar zamanin da. Ta ba ni labarin Remi, wadda ke aji uku a sakandare kuma ta yanke shawarar zama likita saboda ta ga likita da mota. Ta kwaikwayi tafiyar Callistus har na yi tari. Ta kawo dafaffiyar gyaɗa a ƙullin takarda muka ci a ɓoye, don an hana ci a ɗakin.

Can wajen ƙarfe biyu ta tsaya da huda, ta ce abin da ke damunta ba takardar tuhumar ba ce. Ta ce ta tuna sarai tana huda katunan nan, har yatsanta ya saba da su, ɗigo, harafi, harafi. To in ba ta huda ba, ke nan kanta ya soma taɓuwa, kamar yadda na mahaifiyarta ya yi kafin ta rasu. Ta ce jiya sau uku ta koma ta duba ko ta kashe risho.

Na ce mata kanta lafiya lau. Ta ce, ta yaya ka sani, Baba? Na ce na dai sani. Na karanto mata ƙugiya ta gaba.

Juma'a, 22 ga Yuli. Da yamma.

Huɗubar yau a kan amana aka yi. Ina ganin limamin nan ya fara tsawaitawa.

Asabar, 23 ga Yuli. Bayan la'asar.

Na hau babur na tafi kasuwar Sabon Gari. Ban taɓa shiga layin masu zare ba a rayuwata. Na sami rumfar Hafsatu, ga su nan a jere a kan faranti, ja da kore da ruwan ƙwai da shuɗi, kowanne a naɗe a kan sakin layina. Na ce a ba ni duka. Ta dube ni, ta dubi furfurata, ta ce Malam ko amarya za a yi wa lefe a ɓoye wa Barakatu. Matan rumfunan kusa suka sa baki. Wata ta ce a'a, irin mazan nan ne da suke koyon ɗinki in ritaya ta matso. Wani Inyamuri mai sayar da maɓalli ya ce in dai huluna zan fara, shi yana da allura mai kyau.

Talatin da ɗaya na samu. Na tambayi sauran, ta ce sun shiga gari, har Tudun Wada an zo an saya.

Ban san abin da zan yi da zare kati talatin da ɗaya ba. Suna cikin akwatin babur. Mai kaza a aljihu, in ji mutanen da, ba ya jimirin as.

Litinin, 25 ga Yuli. Ƙarfe takwas da kwata.

Maman Remi ta shigo tun kafin in cire hula in sha iska. Ta gaishe ni har ƙasa kamar kullum, ta tambayi Barakatu da gwiwata. Sannan ta buɗe jaka ta ajiye wani abu a kan teburina. Kati ne, da koren zare a naɗe. Ta ture zaren gefe da farce, ɗigon da harufan suka fito.

"Remi ce ta sayo don aikin hannu na makaranta," in ji ta. "Jiya bayan coci na je na tambayi mai zaren inda ta samo."

Na ce to.

"Baba, na yi barci jiya kamar jaririya. Ashe kaina ƙalau yake." Tana murmushi da gaske, ba na gatse ba. "Na san dalilin da ya sa. Haka kake yi mana tun da. Ranar da na buga wasiƙar gwamna da kwanan watan bara, ai ban taɓa ganin takardar ba har yau."

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Ba zan kai wannan gaban kwamiti ba. Shekara tara ka rufa mini asiri, ba zan tona naka a shekara biyun da suka rage maka ba. In sun sallame ni, akwai wani lauya a Sabon Gari da ke neman mai buga masa takardu. Ba zai kai nan ba, amma ba za mu kwana da yunwa ba. Na kawo maka ne don kada ya faɗa hannun wani."

Ta tambaya ko akwai sauran ƙugiyoyi a babi na shida. Na ce guda tara. Ta ce to mu je mu gama.

Na san lauyan. Masu buga masa takardu ba sa wuce wata uku.

Talata, 26 ga Yuli. Ƙarfe uku.

An sake bugawa. Shafi ɗari da goma sha takwas. Kowane kan magana a tsakiya, kowane sakin layi ya shiga ciki daidai da ɗan'uwansa, gefen dama a miƙe kamar an sa magini ya ja igiya. Na nemi abin kushewa na rabin awa. Takardar tana da ɗan wari, shi ke nan abin da na samu.

Darakta ya yi murna, ya ce gobe direba zai kai Kaduna. Ya yaba wa Dakta, ya yaba mini. Dakta ya ce tunda komai ya daidaita ko za a janye maganar Maman Remi. Darakta ya ce a'a, sakaci sakaci ne, mako biyu aka ɓata, kuma ba zai sa hannu a tabbatar da wanda ke tsallake aiki ɗari huɗu ba tare da ya ma san ya tsallake ba.

An tuna mini cewa ni ne zan rubuta bayanin taron ranar Juma'a, kamar kullum.

Laraba, 27 ga Yuli. Bayan magariba.

Barakatu ta buɗe akwatin babur tana neman igiyar ɗaure buhu.

Ta jera su a kan tabarma, talatin da ɗaya, ta zauna a gefe tana jirana. Ta ce ita dai ta san zarenta, ga ma ƙullin da take yi a baki. Ta ce namijin da ya sayo abin da matarsa ta bayar, ko dai ya haukace ko yana ɓoye wani abu, kuma ni ban yi kama da mahaukaci ba tukuna.

Na gaya mata. Na tsara maganar da kyau, na fara da tarihin rubutu, na biyo ta kan sakacin masu ƙera na'ura. Ta bari na gama.

"Matar nan da ta kawo mana atamfa ranar sunan jikanmu Hamza ƙarami?"

Na ce ita.

"Ita za a kora?"

Na ce ba a tabbatar ba. Na kawo maganar ritaya, da fayil, da maƙwabcinmu na Zabi da kajinsa.

"Malam, in kaji ne, ni na iya kiwonsu. Kai dai ka ji da abin da ka iya."

Ta tattara zarenta ta shiga ɗaki. Tuwon yau babu man shanu, kuma na san akwai shi a gidan.

Alhamis, 28 ga Yuli. Ƙarfe goma sha ɗaya.

Na fere fensir huɗu. Na gyara kabad. Lafiya lau.

Juma'a, 29 ga Yuli. Bayan la'asar, a gida.

An zauna ƙarfe tara. Darakta a tsakiya, Dakta a dama, wani daga ofishin ma'aikata a hagu da fayil, ni a ƙarshen tebur da littafin bayanin taro. Aka shigo da Maman Remi, ta sha ɗaurin kallabi irin na zuwa coci. Aka karanta tuhuma. Aka tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, abin da ya faru ya riga ya faru, tana roƙon afuwa. Na rubuta wannan. Hannuna ya rubuta shi da kyau ƙwarai.

Darakta ya ce to, in babu mai ƙarin bayani. Na ajiye alƙalami na ce, ranka ya daɗe, akwai.

Na ciro katin mai koren zare daga aljihu na ɗora a tebur. Na yi niyyar farawa da tarihin rubutu, amma da na miƙe sai ya gudu ya bar ni. Na faɗi abin a jimla huɗu ko biyar. Mutumin ofishin ma'aikata ya tambaya ina sauran katunan suke. Na ce suna kan kawunan mutanen Zariya, ko suna hanya.

Dakta ne ya fara dariya. Ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Darakta ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, ya ɗauki katin, ya ja bakin zaren, ya tambaya ko da kore kaɗai ake samu. Daga nan taro ya lalace na ɗan lokaci. Maman Remi ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta girgiza kai, kamar yadda nake yi mata in ta sa takardar kwafi a juye.

Da aka natsu, Darakta ya ce dariya ba ta goge laifi. An tabbatar da Maman Remi daga ɗaya ga Agusta, an cire tuhumar daga fayil ɗinta. Ni za a sa mini takardar gargaɗi a nawa, ta farko a shekara ashirin da bakwai, kuma maganar ɗakin tafireta za a duba ta bayan azumi. Ban san abin da za a duba ba, ban kuma tambaya ba. An umarce ni in zauna a gaban Dakta na rabin awa ranar Litinin ya sake yi mini bayani, a wannan karon a ɗaki mai ɗumi.

A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Baba, ai na ce ka bari."

Na ce na ji, amma Babban Akawu ba ya karɓar umarni daga wadda ba a tabbatar ba. Ta ce to yanzu an tabbatar. Ta tafi tana share ido da bakin kallabi, tana kiran Callistus ya zo ya ji.

Kafin a tashi sai da Darakta ya ce in karanto abin da na rubuta a abu na uku. Na karanta: Babban Akawu ya shaida wa kwamiti cewa ma'aikaciyar ba ta tsallake ko kati ɗaya ba, shi ne ya yi kuskure. Aka tambaya ko akwai gyara.

Babu. Ni na yi kuskure.